Damin da Yaya Ya Ƙi Karɓa

Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinSa. Yaya ya rasu a nan Makarfi, a ɗakin da ke kusa da rumbu a gidan 'ya'yana, ƙarshen kaka, mata suna cikin sussukar dawa. Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni kaɗai na rage a cikinmu. Ban yi karatu ba, amma ban taɓa rasa bakin magana ba, shi ya sa na ce a zauna a rubuta abin da zan faɗa, a kuma rubuta shi yadda na faɗe shi, kada a gyara mini.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan ce ba su zo ba. Mutanen Kudan sun zo a ƙafa, na Ikara sun zo a kan jakuna, har wani tsoho mai fataucin mazarƙwaila daga Kurmin Kogi ya zauna a zaure yana share hawaye da hannun riga, yana cewa duk tsawon cinikinsu Yaya bai taɓa cusa masa curi mai ɗaci a ƙasan kwando ba. Mata suka cika tsakar gida. Kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa can ta fi nan. Sai kuma ta ja gefe ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita, sai dai maganar gidan nan. Wata ta ce haƙurinsa ne ya yi yawa. Wata ta ce waliyyi ne ba a sani ba. Wata kuwa, da take tsammanin kunnena ya mutu, ta ce ita dai a garinsu wauta ake kiran irin wannan.

Na ji su duka. Ba na son a ce da yayana wawa, ba na kuma son a mai da shi waliyyi don a huta da tunaninsa. Mutum ne, ya yi abin da ya yi, gidan ubanmu ya fita daga hannunmu ta dalilinsa. Ni ce na san yadda aka yi, don rabona yana cikin gidan.

Yaya dogo ne, siriri, ba shi da saurin magana. Sana'arsa rake. Yana da fadama a bayan Kudan da injin matsa wanda doki ke juyawa, kuma duk inda ya shiga ƙamshin mazarƙwaila ke riga shi isa. Aljihunsa ba ya rabuwa da gutsattsarinta. In ya zo gidana sai ya ciro ya ba ni kamar har yanzu yarinya ce ni, ga shi kuwa ina da surukai. Auta yake ce mini. In na kawo masa ƙarar wani, sai ya saurara har in gama, ya tambaye ni ko na ci abinci. Wannan tambayar ta sha ba ni haushi fiye da wanda na kawo ƙararsa.

Gidanmu yana cikin garin Kudan, gabas da kasuwa. Ubanmu ne ya gina shi da hannunsa, yana da zaure mai ƙofa biyu da 'yar gona a baya, kuma a ƙarshen gonar nan aka binne shi. A shekarar da sanƙarau ya shigo gari, gidan ya rasa mutane da yawa: Inna, matar Yaya ta fari, ƙannenmu maza biyu. Ni ina Makarfi gidan aure. Yaya ya kasa zama a ciki. Ya ɗauki ɗansa guda da ya rage ya koma bakin fadama, ya yi bukkoki kusa da injinsa, ya sake aure a can. Gidan gari ya zama a rufe. Yakan je ya share, ya gyara jinka, ya hura wuta a murhu don kada mai unguwa ya ce ya zama kango ya ba wani.

Sai aka yi shekarar fara. Waɗanda suka gan ta ba sa son labarinta. Mutanen arewa suka riƙa gangarowa, ba ka ganin komai sai ƙashi da idanu. A cikinsu akwai wani mutum da matarsa da yara ƙanana, sun yada zango ƙarƙashin rumfar mahauta ana ta zuba ruwan sama. Yaya ya zo sayar da mazarƙwaila ya gan su. Bai shawarci kowa ba, ya kai su gidan ubanmu ya buɗe musu. Har yau mutanen Kudan Baƙo suke ce wa mutumin nan, ko da yake ya yi furfura a garin, ni ma haka zan kira shi.

To, aron gida yana da ƙa'idarsa, kowa ya sani, har 'yan mata masu talla. In za ka ba mutum aro, kana kiran mai unguwa da dattawa biyu su ji da kunnensu. Wanda aka ba wa aro ba ya gina soro, sai ɗakin ciyawa. Ba ya dasa itacen da zai yi 'ya'ya. Sannan duk kaka, in ya girbe gonar bayan gida, yana ɗaukar dami ɗaya na dawa ya kai wa mai gida da rana tsaka, mutane suna gani. Ba don dawar ba ne, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Don gari ya riƙa tunawa ne cewa wannan baƙo ne, wancan mai gida.

Yaya bai kira kowa ba. Da na tambaye shi, sai ya ce mutumin da yunwa ta kora daga garinsu ba a tara masa jama'a a ce ga shi an taimake shi. Na ce to, wannan ya wuce, amma dami fa? Ya ce za a gani.

Baƙo bai ƙi kawowa ba, wannan gaskiyarsa ce, kuma ba zan ɓoye ta ba. Da idona na gani. Wata kaka na je wa Yaya kwana biyu a bakin fadama, da hantsi ina tankaɗe sai ga mutumin ya ɓullo ta hanyar rake da dami a kansa, an ɗaure shi da kyau, zangarniya jajaye. Ya sauke a gaban Yaya ya durƙusa. Maigida yake kiransa. Yaya ya waiga ko'ina kamar wanda aka kama da abin kunya, ya ɗaga damin ya mayar masa a ka.

"Kai wa yara," in ji shi. "Ni da nake da rumbu biyu zan ci damin mai 'ya'ya? Ka bi ta cikin rake, kada a gan ka da shi."

Da mutumin ya tafi na ce, Yaya, ka karɓa mana ka aika masa da biyu da yamma in taimako kake so. Ya yi dariya ya ce, "Auta, gidan gudu zai yi?"

Wannan maganar na ji ta har na gaji. Da aka gaya mini Baƙo ya rushe ɗakin Inna yana gina soro, na aika, amsar ke nan. Ashe ma Yaya ne ya ba shi azara, ya kuma je ya taya shi kwaɓa ƙasa, wai ciyawa tana zuba wa yaran ruwa. Da aka ce an dasa mangwaro a tsakar gida, na sake aikawa. Wai ai inuwa ce, kowa zai sha. Gidan gudu zai yi?

Gidan bai gudu ba. Yana nan gabas da kasuwa inda aka bar shi.

Ɗan Yaya ya girma a bakin fadama, amma ubansa ya sha gaya masa cewa in ya tashi aure a gidan kakansa zai zauna. Lokacin yaƙin Turawa aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, aka ce kowace unguwa ta ba da nata, ya faɗa cikin waɗanda aka ɗiba. Ya dawo da tari a ƙirji da zuciya mai saurin tashi. Ni na san abin da ya riƙe shi a can cikin sanyin duwatsun nan, don ya gaya mini: zauren nan mai ƙofa biyu, da yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Da ya huta, Yaya ya je ya sami Baƙo ya ce masa yaro zai yi aure, a ba shi sashen gabas, su kuma su zauna a yamma har Allah ya hore musu nasu. Bai ce su tashi ba. Sashe kawai ya roƙa, a gidan ubansa.

Baƙo ya ce zai yi shawara. Manyan 'ya'yansa a lokacin sun zama samari, an haifi wasu a soron nan, an binne cibiyarsu a bayan ɗaki. Ban san wanda ya ba shi shawarar ba. Amsar da ta dawo ita ce, shi a saninsa kyauta aka ba shi gidan, don Allah, kuma ba a mai da kyauta.

Yaya ya ce a bari damina ta wuce. Ɗansa bai bari ba. Ranar kasuwa, mazan gidan sun fita, ya je ya ture ƙyauren sashen gabas ya fara fitar da kaya: tukwane, tabarmi, turmi, ya zube su a ƙofar gida. Matan suka yi kururuwa. Kafin a ce haka 'yan doka sun zo sun ɗaure shi da igiya a ƙofar gidan da kakansa ya gina, suka bi da shi ta tsakiyar kasuwa. Laifinsa shi ne ya shiga gidan mutane ba izini, ya keta wa mata shamaki. Aka yi masa bulala, aka tsare shi wata da watanni. Iyayen yarinya suka mai da kayan baiko. Da na je na tsaya a bakin gidan yari ina faɗa, wani tsohon dogari ya ce mini in yi haƙuri, ko gidanka ne, in wani yana ciki da iyalinsa, ba ka da ikon fitar da shi da hannunka, sai ka bi ta gaban alƙali. Na ce masa to shi da ya shiga ta gaban wa ya bi? Ya ce wannan kuma yayanki za ki tambaya.

Ni na matsa wa Yaya har ya kai ƙara. Na ce in shi ya yafe nasa, ni ban yafe rabona ba. Na wakilta shi ya yi magana da bakina da nasa, na zauna a baya wajen mata ina ji.

Alƙalin ba azzalumi ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce babu wanda ke musun cewa ubanmu ne ya gina gidan. Amma shari'a tana da wani abu wai shi hauzi. In mutum ya shekara goma a cikin gida yana rushewa yana ginawa, mai gidan yana gari, lafiyarsa lau, yana gani, babu wanda ya rufe masa baki, bai kuwa ce uffan ba, to ba a ƙara sauraron mai gidan, sai in ya kawo shaidun da suka san aro ne. Ya tambayi Yaya wa ya ji lokacin da ya ba da aron. Babu. Wa ya taɓa ganin an kawo masa dami? Na miƙe na ce ni na gani. Alƙali ya ce in zauna, mai rabo a cikin abu ba ya yi wa kansa shaida. Ya tambaya ko Yaya ya hana gina soro. Wani daga baya ya ce ai shi ya kawo azarar, mutane suka yi dariya. Wannan dariyar har yau tana kunnena.

Sai aka juya kan Baƙo. Ya ce kyauta ce, bai taɓa kai dami ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Yana maganar yana kallon tabarma. Alƙali ya ce tunda mai ƙara ba shi da shaida, sai wanda ke cikin gida ya rantse. Aka ba shi buta ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka. Zuciyata ta ce bari ya taɓa, bari ya taɓa mu ga abin da zai same shi kafin shekara. Ya miƙa hannu.

"Allah ya gafarta malam," in ji Yaya, "a mai da Littafin. Na janye."

Alƙali ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, har da rabon ƙanwarsa da ta wakilta shi. Ya ce ya sani.

A hanyar komawa ban bar masa komai ba. Na ce ya sayar da kabarin ubanmu don a ce shi mai kirki ne. Na ce ɗansa yana kwance da shatin bulala a baya, shi kuwa yana tausayin wanda ya sa aka yi masa. Na ce ya ba da abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya bar ni na gama, wannan karon bai tambaye ni ko na ci abinci ba. Ya ce, "Auta, ni na san ƙarya zai rantse a kai, shi ma ya sani. Yaransa a gidan nan suke kwana. Ni na kai su, ni na hana shi kawo damin. In abin ya faɗa kansu, da hannun wa?"

Na ce da hannun ubansu. Na juya na kama hanyar Makarfi. Shekaru suka wuce ban taka bakin fadama ba. In ya aiko da mazarƙwaila sai in raba wa yaran unguwa a gaban ɗan aiken. Ba na nadamar fushin nan, yana bisa hanya. Ɗansa da aka sake shi bai koma wajensa ba, ya tafi Ikara yana dako a fuloti, wurin awon auduga, yana tari, ya yi aure a can a ɗakin haya. In ya zo gaishe ni ba ya ambaton ubansa, ni ma ba na ambata.

Abin da ya mai da ni wajen Yaya labari ne da wata mai sayar da daddawa ta kawo mini. Ta ce duk bazara, kafin ruwa ya sauka, ana ganin Yaya a jikin katangar gabas ta gidanmu, ta waje, ya kwaɓa ƙasa yana yaɓe. Ba ya sallama, ba ya shiga, ba ya neman ruwan sha. Mutanen gidan suna jin motsinsa ba sa fitowa. Na ce ƙarya ne. Na je da ƙafata na same shi, tsoho, ya naɗe wando zuwa gwiwa, hannunsa duk laka, 'yan kasuwa suna wucewa suna kallonsa suna taɓa juna. Kunya ta kama ni har wuya. Na ce me ke nan kake yi, so kake a ce ka zautu? Ya ce Baba bai sa wa wannan ɓangaren tushe mai zurfi ba, in ba a yaɓe ba ruwan gabas zai cinye ta, su kuwa ba su sani ba. Na ce to ka gaya musu mana su yi da kansu. Ya ce in ya gaya musu sai su ɗauka gori yake yi.

Na tsaya ina kallonsa. Daga ƙarshe na tuɓe mayafi na ɗaura a ƙugu na riƙa miƙa masa ƙasar, don dai a gama da wuri mu bar wajen. Ta saman katanga ina hango mangwaron nan, ya yi girma ya rufe rabin tsakar gida. A ranar muka shirya, ba tare da ɗayanmu ya ce ya yi kuskure ba.

Da matarsa ta rasu, ƙarfinsa ya ƙare, doki ya mutu, inji ya yi tsatsa, na sa 'ya'yana suka ɗauko shi. Namiji ya ƙare kwanakinsa a gidan auren ƙanwarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya ji shi, ko da yake bai faɗa ba. Kullum a bakin tabarma yake zama kamar mai shirin tashi. Ba ya shiga rumfa sai ya yi gyaran murya. Bazararsa ta ƙarshe ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi Kudan, na hana. Ya yi ta tambayar masu zuwa kasuwa ko katangar tana tsaye. A ciwonsa na ƙarshe na tambaye shi ko yana so a kai shi kusa da Baba in ta Allah ta kasance. Ya ce kada a tashi mutane a gidansu da makara. A nan Makarfi aka binne shi, cikin baƙi.

Ranar sadakar uku, da hantsi, maza sun cika zaure har waje, liman yana nan, mai unguwarmu ta Kudan yana nan, ɗan tsohon mai unguwa da ya rasu. Ɗan Yaya ya zo daga Ikara tun ranar farko, yana zaune ana yi masa gaisuwa. Babban ɗana ya shigo ya same ni ya ce, Inna, ga Baƙo a ƙofar gida, ya sauke dami daga kan jaki ya ɗora a kansa, ya ƙi zama, ya ƙi saukewa. Ya tambaya ko a karɓa a kai wa masu sussuka, a zuba cikin hatsin sadaka.

Na ce kada wanda ya taɓa. Tsohuwa ba ta da kulle. Na ja mayafi na fita.

Ya tsufa. Wuyansa yana rawa a ƙarƙashin damin. Ɗaurin nan ne dai irin na da, zangarniya jajaye. Ban gaishe shi ba. Na ce masa masu kawo gudummawar sadaka a kwarya suke kawowa, sussukakke, wannan kuwa na mene ne?

"Goggo," ya ce, "kin sani."

"Ni na sani. Aka ce shaidata ba ta ci. Ga liman, ga mai unguwa. Su ka gaya wa."

Ɗan Yaya ya miƙe tsaye, wani ya riƙe masa riga.

"Na gonar bayan gida ne," in ji Baƙo. "Na aro. Duk kaka nakan kai wa Maigida, yana mayar mini. Abin da na faɗa a gaban alƙali ba haka ba ne. Maigida ya hana ni rantsuwa, ya kuma zo yana yi mini yaɓe. Ina ciki ina jin hannunsa a jikin katanga. Bana ban ji ba."

Liman ya yi salati a hankali. Ɗan Yaya ya ce kowa ya ji, gobe da safe zai tafi gaban alƙali da waɗannan shaidun. Liman ya ce lalle abin da mutum ya amsa da bakinsa ya fi kowace shaida ƙarfi. Wani ya tambayi Baƙo mutum nawa ne yanzu a gidan, ya ce da jikoki sun cika shi, ba su da wani wurin, 'ya'yansa ma ba su san ya taho ba.

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ya zo ya tsaya a gabana da ƙafarsa. Na yi tsammanin zan ji daɗi. Abin da na ji shi ne haushi, don wanda ya kamata ya ji maganar nan yana ƙarƙashin ƙasa kwana uku, kuma na san da yana nan da ya ce a bi ta cikin rake kada a gani.

Na ce wa ɗan Yaya ya karɓi damin, shi ne magaji. Ya ce shi ba dawa ya zo nema ba. Sai na matsa da kaina na miƙa hannu biyu. Nauyinsa ya kusa kayar da ni, amma ban bari an taya ni ba.

"Ku shaida na karɓa," na ce. "Gidan namu ne, shi aro yake zaune. Sashen gabas na ɗan yayana ne, a share masa shi kafin damina. Sauran ku zauna. Baɗi ka kawo, da rana, ranar kasuwa, ka bi ta tsakiyarta. In ka mutu ɗanka ya kawo."

Baƙo ya durƙusa ya ce ya ji. Ɗan Yaya ya dube ni, idonsa ja, ya yi tari har ya dafa bango.

"Goggo, ni aka yi wa bulala. Yanzu in je in zauna katanga ɗaya da su? Ke ma kin zama Baba."

"Ubanka mayarwa yake yi," na ce. "Ni ka gan shi a hannuna."

Bai kwana ba, ya koma Ikara ba sallama. Har yanzu bai je gaban alƙali ba, bai kuma je ya ga sashen gabas ba. Mai unguwa ya aiko cewa an share, an fitar da kaya, ɗakin yana nan a buɗe babu kowa. Wannan shi ke hana ni sukuni, don na san abin da ke samun ɗakin da aka bari a buɗe. Na aika masa cewa ko bai zauna ba ya je ya hura wuta a murhu. Ɗan aiken ya dawo ya ce ya ji.

Damin yana rataye a zauren 'ya'yana, sama da ƙofa, inda duk mai shigowa zai gan shi. Surukaina sun ce ɓeraye sun fara yi masa ɓarna, a sauke a sussuke. Na ce a bar shi sai na baɗi ya zo ya karɓe shi. Duk wanda ya tambaya na mene ne, ina zaunar da shi in gaya masa tun daga rumfar mahauta.

Allah ya jiƙan Yaya, ya ba shi gidan da babu mai tashinsa, ya kuma sa wani ya tuna da katangar gabas kafin ruwa ya sauka.